Tan 340 a Mostar: Yadda Magungunan Agaji Suka Zama Shara Mai Haɗari a Bosniya

A ƙarshen shekarar 1995, daidai lokacin da yarjejeniyar Dayton ta kawo ƙarshen yaƙin Bosniya, akwai tan 340 na magungunan da wa'adinsu ya ƙare jibge a ɗakunan ajiya na birnin Mostar da ke kudancin ƙasar. Yawancinsu kyauta ce da ta fito daga ƙasashen Turai daban-daban da sunan agaji. Birnin da yaƙi ya raba gida biyu, wanda aka rusa masa tsohuwar gadarsa a watan Nuwamba na 1993, wanda bai gama gyara bututun ruwansa da asibitocinsa ba, sai ga shi da wata sabuwar ɗawainiya: ina za a kai wannan kaya, wa zai biya kuɗin lalata shi, kuma ta yaya za a yi hakan ba tare da an cutar da mutane ko an gurɓata ruwan da suke sha ba? Abin da aka koya a Mostar shi ne tushen ƙa'idojin zubar da magani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999, waɗanda har yau hukumomin ƙasashe da dama ke dogaro da su.

Buƙatar magani a Bosniya ta gaske ce, kuma ya kamata a fara da faɗin haka don kada a yi wa masu kyakkyawar niyya rashin adalci. Kafin yaƙi, tsohuwar Yugoslabiya, wadda Bosniya ke cikinta a lokacin, tana da manyan masana'antun magani, irin su Pliva a Zagreb da Galenika a Belgrade da Krka da Lek a Sulobeniya, amma da ƙasar ta wargaje sai hanyoyin kawo kaya suka yanke. Yaƙin da ya fara a watan Afrilu na 1992 ya ci rayuka kusan 100,000, ya raba mutane fiye da miliyan biyu da gidajensu, ya kuma bar asibitoci cike da masu rauni ba tare da isasshen maganin sa barci ko na kashe ƙwayoyin cuta ba. Mutanen Turai sun ga wannan a talabijin, zukatansu suka motsa, suka tara abin da suke iyawa suka loda a manyan motoci.

Wasu masu bincike ƙarƙashin Patrick Berckmans sun bi diddigin abin da ya shiga ƙasar, suka buga sakamakon a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine a watan Disamba na 1997. Sun ƙiyasta cewa tsakanin 1992 da tsakiyar 1996 an shigar da tan 27,800 zuwa 34,800 na magunguna da kayan asibiti, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na wannan kaya bai dace da buƙata ba. Zuwa tsakiyar 1996 akwai kimanin tan 17,000 na kayan da ba su da amfani a sito-sito da asibitocin ƙasar, wato lodin tirela mai ɗaukar tan 30 fiye da 500. Cikin abin da aka tarar har da kayan jinyar sojoji na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da filastar da aka yi tun 1961, da Dapsone, maganin kuturta, cutar da ba a fama da ita a Bosniya.

Kayan da ba su dace ba iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci domin kowanne da irin wahalarsa. Iri na farko shi ne tarkacen da jama'a suka tattaro daga gidajensu da kantunan magani da ofisoshin likitoci. Duk wanda ya buɗe irin wannan kwali zai tarar da falle-fallen ƙwayoyi da aka riga aka ɓalle rabinsu, da kwalbar maganin tari da aka sha aka rage, da samfurin da kamfanoni ke rabawa likitoci kyauta, da man shafawa da aka matse, duk a cakuɗe, kowanne da sunan kasuwancinsa cikin Jamusanci ko Faransanci ko Italiyanci, wasu ba takardar bayani, wasu an yanke gefen da ke ɗauke da ranar ƙarewar wa'adi. Kafin masanin magunguna ya tantance kwali ɗaya, sai ya ɗauki kowane falle ya gano ainihin sinadarin da ke ciki da ƙarfinsa, ya duba wa'adi, ya ware. Aikin da zai cinye sa'o'in da ya kamata ya yi wa marasa lafiya hidima da su, kuma a ƙarshe abin da zai tsira bai isa a yi wa mutum ɗaya cikakken magani ba. An riga an ga haka a Armeniya bayan girgizar ƙasa ta 1988, inda aka aika tan 5,000 na magunguna da kayan asibiti, sai da mutum 50 suka shafe wata shida kafin a san abin da ke ciki.

Iri na biyu ya fi nauyi, ya kuma fi muni. Shi ne manyan lodi na magani iri ɗaya, wanda wa'adinsa ya ƙare ko yake gab da ƙarewa, ko wanda babu mai buƙatarsa, da aka kwaso daga rumbunan kamfanoni da asibitoci da barikoki. Lissafin da masu binciken suka yi ya nuna dalilin da ya sa hakan ke faruwa. Lalata tan ɗaya na magani yadda doka ta tanada yana cin kimanin dalar Amurka 2,000, alhali kai shi Bosniya a mota bai wuce dala 500 ba. Saboda haka masu bayar da tan 17,000 sun kauce wa kashe dala miliyan 34, kuma ko an cire kuɗin sufuri, sun tsira da dala miliyan 25.5, suka bar wa ƙasar da yaƙi ya durƙusar nauyin biya. A wasu ƙasashe, kamar Amurka, kamfanin da ya ba da kyautar kaya yana samun sassaucin haraji a kai. A ganina wannan ba agaji ba ne ko kaɗan. Kwashe shara ce daga gidan mai hali zuwa gidan da gobara ta ci, kuma bai kamata a lulluɓe shi da sunan taimako ba.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya hana a bar kayan a inda suke, ko a haƙa rami a binne, ko a cinna musu wuta a huta? Kowace daga cikin hanyoyin nan tana da nata haɗarin.

Barin su a sito yana nufin barin ƙofa a buɗe ga ɓarayi da masu tsince-tsince, a ƙasar da tsaro ya raunana kuma magani ya yi tsada. Maganin da aka sace yana komawa kasuwa, wani lokaci a cikin sabon kwali da sabuwar ranar wa'adi. Gaskiya ne yawancin magunguna idan wa'adinsu ya wuce ƙarfinsu ne kawai ke raguwa, ba guba suke komawa ba, amma raguwar ƙarfi a maganin kashe ƙwayoyin cuta ko na ciwon suga ko na farfaɗiya ba ƙaramin abu ba ne, domin majinyaci yana sha yana ganin ana yi masa magani alhali cutar na ci gaba da cinsa. Akwai kuma haɗarin kuskure idan babu bayanin da ma'aikaci zai iya karantawa. A Lituweniya a 1993, mata 11 sun rasa ganinsu na wani lokaci bayan an ba su closantel, maganin tsutsar ciki na dabbobi da ya zo cikin kayan agaji ba tare da takardar bayani ba, aka ɗauka maganin ciwon mahaifa ne. Ga kuma magunguna masu sa maye irin su mofin, waɗanda ɓatan kwali ɗaya daga cikinsu masifa ce mai zaman kanta.

Batun binnewa ya fi tsanani a yankin Mostar saboda yanayin ƙasarsa. Harzegobina, yankin kudancin ƙasar inda Mostar take, ƙasar dutsen farar ƙasa ce, wanda ruwa ya daɗe yana ci har ya yi masa tsaguna da ramuka da koguna a ƙarƙashi, ta yadda ruwan sama ke zurarewa ciki kamar an zuba shi a rariya. A irin wannan wuri babu kaurin yumɓu ko yashin da zai tace ruwa a hankali kafin ya kai ƙasa. Abin da ya narke a rami yau yana iya ɓullowa a wata maɓuɓɓuga mai nisa cikin ɗan lokaci. Maɓuɓɓugar kogin Buna da ke Blagaj, kusa da Mostar, tana cikin mafi girman irinta a Turai, kuma ruwanta yana shiga kogin Neretva, wanda ya ratsa tsakiyar birnin ya gangara Kuroshiya, ya shayar da gonakin lemo kafin ya faɗa tekun Adiriyatik. Jibge ɗaruruwan tan na magani a rami marar shinge a irin wannan ƙasa daidai yake da zuba shi cikin ruwan sha na jama'a. Juye shi a magudanar bahaya ma ba mafita ba ce, domin wuraren tace ƙazamin ruwa suna aiki ne da ƙananan halittun da ke cinye ƙazantar, kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na ciwon daji da sinadaran tsabtace asibiti suna iya kashe waɗannan halittu, aikin tacewar ya tsaya cak.

Ƙonawa a fili kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Wutar taya da itace ba ta kai zafin da zai wargaza sinadaran gaba ɗaya, kuma robar PVC da ake yin falle-fallen ƙwayoyi da ledojin ƙarin ruwa da ita tana fitar da hayaƙi mai guba idan ta ƙone a ƙaramin zafi. Kwalaben allura da gwangwanayen feshi, irin na masu asma, fashewa suke yi a wuta su jikkata ma'aikata, sannan tokar da ta rage ruwan sama zai wanke ta ya mayar ƙasa.

Hanyar da ta fi dacewa da adalci ita ce a mayar wa mai kaya kayansa, sai dai ita ma tana da sarƙaƙiya. Da zarar an ayyana magani a matsayin shara, ya shiga jerin sharar da yarjejeniyar Basel ta 1989 ta sa wa takunkumi, ba a tsallaka iyaka da shi sai da izinin ƙasar da za ta karɓa da na ƙasashen da za a ratsa, abin da kan ɗauki watanni. 'Yan Najeriya sun san asalin wannan yarjejeniya, domin jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988 yana cikin abubuwan da suka gaggauta ƙulla ta. Abin takaicin shi ne, kayan sun shiga Bosniya cikin sauƙi saboda an kira su agaji, amma fitarsu ta gagara saboda an kira su da sunansu na gaskiya. Ban da haka, kwalaye da yawa ba su ɗauke da sunan wanda ya aiko, balle a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Daga rahoton da aka rubuta kan kayan Mostar ne Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ƙungiyoyi irin su Red Cross da UNICEF da Médecins Sans Frontières da Pharmaciens Sans Frontières, ta tsara ƙa'idojin 1999. Abin da ya fi ɗaukar hankali a cikinsu shi ne ba a rubuta su don ƙasa mai wadata ba; an rubuta su ne don wurin da babu injin ƙona shara na zamani, kuɗi kuma kaɗan ne.

Ginshiƙin aikin shi ne warewa, a ƙarƙashin kulawar masanin magunguna, a wuri mai iska da rufi da tsaro, ma'aikata sanye da safar hannu da takalman roba da takunkumin hanci. Da farko ana fitar da abin da ba magani ba ne, kamar bandeji da auduga da kwalaye, wanda sau da yawa shi ne ke cinye wuri, wasunsa ma ana iya amfani da su. Sai a keɓe rukunai masu buƙatar kulawa ta musamman: magunguna masu sa maye da doka ta ƙayyade, da na kashe ƙwayoyin cuta, da na ciwon daji, da sinadaran tsabtacewa. Saura kuma a raba su bisa siffarsu: ƙwayoyi da gari da man shafawa gefe guda, masu ruwa gefe guda, kwalaben allura daban, gwangwanayen feshi daban. Idan an yi wannan da kyau, abin da ke buƙatar hanya mai tsada yana raguwa sosai.

Mafi inganci shi ne ƙonawa a zafin da ya haura digiri 1,200 a ma'aunin Salsiyos, amma a lokacin kuɗinsa a Bosniya da Kuroshiya ya kai dala 2.2 zuwa 4.1 kan kowane kilo. Saboda haka aka nuna wata dama da ƙasashe da yawa ke da ita ba su lura ba, wato murhun masana'antar siminti, inda kayan haɗi ke kai digiri 1,450, hayaƙi ya daɗe a cikin zafin, kuma tokar ta shige cikin simintin. Sharaɗin shi ne a riƙa zuba maganin kaɗan-kaɗan, kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na makamashin da ake ciyar da murhun. Inda babu wannan, an yarda da injin ƙonawa mai ɗaki biyu da ke kai digiri 850 a matsayin mafita ta wucin gadi.

Hanyar da ta fi amfani ga wurare marasa hali ita ce kulle magani cikin siminti. Ana samun gangar ƙarfe wadda ba a taɓa zuba abu mai fashewa a ciki ba, a yanka murfinta a lanƙwasa baya, a zuba ƙwayoyi da gari har kashi uku cikin huɗu, sannan a cike sauran da kwaɓin ƙonanniyar farar ƙasa da siminti da ruwa, a ma'aunin nauyi 15 da 15 da 5. Sai a mayar da murfin a yi masa walda, a bar ta ta daskare tsawon kwana 7 zuwa 28, kafin a kai ta ƙasan juji a lulluɓe da sabuwar shara. Idan maganin ciwon daji ne, rabin ganga kawai ake cikawa, sauran rabin duk kwaɓi. Wata hanyar mai kama da wannan, wadda ta fi araha, ita ce a ɓare ƙwayoyin daga fallensu, a niƙa, a kwaɓa kashi 65 na garin da kashi 15 na farar ƙasa da 15 na siminti da 5 na ruwa, a zuba a juji ya sandare. Duka biyun suna cimma abu biyu lokaci guda: mai tsince-tsince ba zai samu abin da zai sayar ba, ruwan sama kuma ba zai iya wanke sinadarin da sauri ba. Kwalaben allura ana farfasa su ne da guduma ko katako a kan daɓen siminti, ma'aikaci sanye da tabarau na kariya, a share gilashin a kai juji.

Akwai wurin da ƙa'idojin suka yi sassauci, kuma nan ne nake ganin ya kamata a karanta su da lura. Sun ba da damar a tsarma wasu magunguna masu ruwa, kamar ruwan ƙari da sinadaran bitamin da maganin tari, a zuba su a magudana kaɗan-kaɗan, ko ma a ruwa mai gudu da ƙarfi idan babu magudana. Ga ruwan gishiri da na suga wannan ba laifi. Amma abin da aka sani game da ragowar magani a koguna ya ƙaru ƙwarai tun 1999. Wani babban bincike da aka buga a 2022, wanda ya auna koguna 258 a ƙasashe 104, ya gano cewa a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren da aka ɗebi ruwa akwai aƙalla sinadarin magani guda da ya wuce matakin da ake ganin ba shi da illa ga halittun ruwa, ko wanda zai iya taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. Mafi gurɓata sun haɗa da kogunan Lahore da La Paz da Addis Ababa. Sassaucin da aka yi wa birnin da ya fito daga yaƙi bai kamata ya zama al'adar asibitin da ke zaman lafiya ba.

Tun kafin ƙa'idojin zubarwa, an fitar da na bayar da kyautar magani a 1996, domin an gane cewa toshe kafar ya fi kwashe ruwan sauƙi. Sun ce a ba da abin da mai karɓa ya nema, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganin da ba za a yarda da shi a ƙasar mai bayarwa ba kada a kai shi wata ƙasa. Ya zama saura aƙalla shekara ɗaya wa'adinsa ya ƙare a ranar da ya iso. A rubuta sunan sinadarinsa cikin harshen da ma'aikatan lafiya ke fahimta. Kuma kada a aika ragowar da majinyata suka mayar ko samfurin kyauta. Sai dai ƙa'idoji ne, ba doka ba, kuma ba a daɗe ba aka ga iyakarsu. A rikicin Kosobo na 1999, binciken da aka yi a Albaniya, maƙwabciyar Kosobo, ya nuna kusan rabin kayan da aka aika ba su dace ba. Bayan igiyar tsunami ta Disamba 2004, lardin Aceh na Indonesiya ya karɓi tan 4,000 na magani, kashi 70 cikin ɗari da rubutun harshen waje, aka kuma ƙiyasta lalata tan 600 daga ciki zai ci yuro miliyan 2.4.

Inda aka samu canji na zahiri shi ne inda aka mayar da ƙa'ida doka. A Faransa, tsarin Cyclamed da aka kafa a 1993 yana karɓar ragowar magani daga gidaje ta hannun kantunan magani, kuma shekaru da dama ana ware wani ɓangare a aika ƙasashe matalauta. Daga 1 ga Janairu 2009 aka haramta hakan baki ɗaya. Duk abin da aka mayar yanzu ana ƙona shi ne a manyan injuna, a yi amfani da zafin wajen samar da wuta da ɗumama gidaje.

Lamarin Mostar ya shafe mu kai tsaye ta fuska biyu. Yankin tafkin Chadi, daga Borno zuwa Diffa, ya shafe fiye da shekara goma yana karɓar kayan agaji, kuma duk hukumar da ke sa hannu kan karɓar magani tana da damar ta nemi jerin kayan da ranakun wa'adinsu kafin a loda su, ta kuma sa a rubuta a yarjejeniya wanda zai ɗauki nauyin lalata abin da ya rage. Ta ɗaya fuskar, hotunan da muka saba gani na tarin jabun magunguna da waɗanda suka lalace ana cinna musu wuta a juji a gaban 'yan jarida suna nuna ƙoƙarin raba kasuwa da mugun kaya, wanda abin yabo ne, amma hanyar ita ce wadda ƙa'idojin suka taƙaita ga ɗan ƙaramin adadi idan babu wata dabara. Akwai masana'antun siminti a Ashaka da Sakkwato da Obajana, akwai kuma a Malbaza ta Jamhuriyar Nijar, kuma ganga da siminti da mai walda ba su gagari kowane babban asibitin jiha ba.